Wanda Ya Ce Shi Mugu Zai Zama a Teburin Wasa

Duk wanda ya ɗauki nauyin jan wasan labari na kan tebur, ko a Nima ne, ko a Madina, ko a ɗakin ɗalibai a Legon, duk a nan yankin Accra, akwai ranar da ke jiransa. Ana zaune ana ƙirƙirar mutanen labari, wannan ya ce shi mayaƙi ne, waccan ta ce mai magani ce, sai ɗaya ya gyara zama ya ce, "Ni kam mugu zan zama." A kan wannan magana masu jan wasa suka rabu gida biyu. Wasu sun ce a hana tun daga bakin ƙofa. Wasu sun ce ai wasa ne, kowa ya yi abin da ransa ke so. Ni ban bi ko ɗaya ba, domin duka biyun gudun aiki ne. Abin da na tsaya a kai shi ne a bar shi ya ɗauki mugun, amma a ɗora masa nauyin da ya fi na kowa a wurin. Ɗaukar mugu shi ne aiki mafi wuya a wannan wasa, kuma ba kowane mai nema ne ya cancanci a ba shi ba.

Ga wanda bai taɓa ganin wasan ba, abin ba shi da wuyar ganewa. Mutum huɗu ko biyar ke zama da takarda da fensir da dayis, wato ɗan abin nan mai lambobi irin wanda ake jefawa a wasan ludo. Ɗaya shi ne mai jan wasa. Shi ke faɗin yadda gari yake, wa ke sarauta, me ke ɓoye a daji, kuma shi ke magana da bakin mai masauki da ɗan kasuwa da ɗan fashi. Sauran kowa na da mutum guda da ya ƙirƙira, ya rubuta sunansa da ƙarfinsa da wayonsa a takarda. Mai jan wasa zai ce, "Kun iso bakin kogi, ruwa ya cinye gada, me za ku yi?" Kowa ya faɗi nasa. In abin da mutum ke son yi na da hatsari, sai ya jefa dayis mai fuska 20, lambar da ta fito ta nuna ko ya dace. Ba a sa kuɗi, babu mai cin wani, kuma labari ɗaya kan ɗauki watanni ana ɗorawa mako-mako. Wanda ya fi suna shi ne Dungeons & Dragons, da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974. Tun da aka saki taƙaitattun dokokinsa kyauta a intanet a 2014, ga shi kuma waya na iya jefa dayis, ba ya buƙatar komai sai benci da haƙuri. Ta haka ya fara lallaɓowa cikin zangunanmu, tebur ɗaya nan, ɗaya can. Batun dayis ɗin kansa, wanda malamai suka daɗe suna magana a kai, muhawara ce ta daban, kuma na san teburin da ke zaro kati mai lamba daga jaka don kauce mata.

Su ma masu wasan sun daɗe suna jujjuya maganar mugu. A bugun 1974 ɓangare uku ne kawai mutum ke zaɓa: na doka, na hargitsi, da na tsakiya. A 1978 aka tsara gida tara, inda aka haɗa bin doka ko ƙin ta da nagarta ko mugunta, kuma a littafin wannan shekara akwai sana'ar kisan haya, wadda doka ta ce dole mai ita ya zama mugu. A shekarun 1980 iyaye da wasu fastoci a Amurka suka tayar da ƙura, suna zargin wasan da jan yara zuwa bautar Shaiɗan, har maganar ta hau gidan talabijin na CBS a 1985. Da aka yi sabon bugu a 1989, kamfanin ya cire mai kisan haya daga littafin 'yan wasa, ya kuma janye sunayen shaiɗanu. A dokokin 2024 kuwa cewa aka yi wasan na ɗauka mutanen 'yan wasa ba miyagu ba ne, wanda ke son mugu ya fara neman iznin mai jan wasa. Bayan shekara 50 ke nan suka mayar da hukunci hannun wanda ke zaune a kan tebur, wanda ya san fuskokin mutanen da ke gabansa. Nan ya dace hukuncin ya zauna.

Hani tun daga ƙofa ba ya tsare komai. Ka hana a rubuta "mugu", mai son ɓarna zai rubuta "na tsakiya", ya shiga gari ya soke mai masauki don ya tambaye shi kuɗin ɗaki, ya cinna wa rumfunan kasuwa wuta, ya bar sauran 'yan wasa da gudun dogarai a labarin da ba shi suka zo yi ba. Na kuma ga wanda takardarsa ta ce nagari ne mai bin doka, amma da wannan nagartar yake juya kowa, ba mai yin motsi sai ya yarda. Abin da ke rubuce a takarda bai taɓa faɗa mini wanda zai ɓata zama ba.

A kowace kujera mutum biyu ne ke zaune. Akwai na takarda, wanda ke da takobi da tarihi na ƙarya. Akwai kuma na benci, wanda ya baro aikinsa ko karatunsa, ya biya kuɗin mota, ya zo don ya ji daɗi da 'yan'uwansa. Muguntar na takarda ba ta cutar da kowa. Wadda ke kashe tebur ita ce wadda ta tsallake takarda ta sauka a kan na benci. Shi ya sa ba na karɓar uzurin nan da ya zama ruwan dare, "Ai ba ni ba ne, halin mutumina ke nan." Wa ya rubuta mutumin? Ba daga sama ya faɗo ba. Kai ka zauna da fensir ka zaɓa masa hali, kuma kai ke zaɓa masa kowane taku. In ka ƙirƙiri wanda ba ya iya tafiya da mutane, ka kawo shi wasan da tushensa tafiya tare, to laifin na mai fensir ne.

Na ga yadda wannan ke faruwa a wani zama a Mamobi, a bayan shagon wani tela. Akwai wani yaro ɗan sakandare da mutuminsa ya yi makonni yana neman zoben mahaifinsa a cikin labarin, ya kuma same shi da ƙyar. Wani da ya girme shi da kusan shekara goma, wanda ke ɗauke da ɓarawo, ya rubuta 'yar takarda ya miƙa wa mai jan wasa a ɓoye. Aka jefa dayis, aka ce zobe ya ɓace cikin dare. Kowa a wurin ya san wanda ya ɗauka. Yaron ya yi murmushi ya ce, "Ba komai, Yaya, ai wasa ne." Mako na gaba bai zo ba, aka ce Mma ce ta aike shi. Bai sake zuwa ba.

Wannan "ba komai, Yaya" ita ce abin da shawarwarin da ake karantowa daga Amurka ba su lissafa da shi ba. Can sukan ce in abu ya dame ka ka faɗa a fili. Mu a nan yaro ba ya ɗaga murya ga wanda ya girme shi, kuma tarbiyya ce mai kyau da ba na fatan ta gushe. Sai dai wanda ya sace zoben yana iya zama shi ke sayen ganyen ataya da sukari, ko shi ne ubangidan yaron a gareji, ko mijin yayarsa. A irin wannan zama, in mai jan wasa ya ce "kowa ya yi abin da ya ga dama", abin da ya yanke a zahiri shi ne babba ya yi abin da ya ga dama, ƙarami ya haɗiye. In akwai mace a teburin, abin ya ninka. Ita ma shiru za ta yi, sannan ta daina zuwa, a ce mata ba sa son irin wannan wasa.

Yawancin masu neman mugu ba miyagun mutane ba ne, wannan ina so a fahimta. Daga wasan kwamfuta suka fito, irin su GTA, inda za ka take mutane da mota ka yi dariya, in abin ya lalace ka koma baya ka sake. Masu tafiya a titin GTA ba su da kowa a bayansu. A tebur kuwa mai masaukin da ka soke, wani ne ya kwana yana tsara shi, ya ba shi suna da 'ya da sirrin da zai buɗe labarin gaba. Kuma babu komawa baya. Da yawa in an yi musu wannan bayani sau ɗaya cikin mutunci, sukan gane.

Wasu kan kawo mini hujja da Gizo. Sukan ce mun tashi muna jin yadda yake cutar Kura da Zaki, yana yi wa Ƙoƙi ƙarya, kamar yadda maƙwabtanmu suka tashi da Ananse, kuma bai lalata kowa ba. Gaskiya ne, har ma ba kullum Gizo ke shan hukunci ba, wani lokaci yakan tsere da abin da ya ci. Amma a tatsuniya baki ɗaya ne ke riƙe da kowa. Kaka ce Gizo, ita ce Kura. In an ce ƙurunƙus babu wata Kura da za ta koma gida da ɓacin rai. A tebur Kurar tana da mai ita, yana zaune kusa da kai, kuma gobe za ku haɗu a sahu ɗaya.

To me ya sa ban bi masu hani ba, tunda na ga duk wannan? Domin yaran zango sun san mugunta sanin da labarin dodo mai ƙaho a kogo ba zai taɓa kamowa ba. Mun san yadda ake zuwa neman majiya ƙarfi a unguwanninmu in zaɓe ya matso, da yadda ake ɗaukar samari gadin fili da makami. Abin ya kai ga majalisar dokokin Ghana ta yi doka ta 999 a 2019, bayan tashin hankalin zaɓen cike gurbi na Ayawaso West Wuogon, don haramta ƙungiyoyin 'yan banga na siyasa da masu gadin fili. Mugun da yaranmu suka sani yana da fara'a. Yana biyan kuɗin asibitin mahaifiyarka, yana aiko da buhun shinkafa da Sallah, sannan wata rana ya kira ka ya ce akwai ɗan aiki. In saurayi ya ɗauki irin wannan mutum a labari, dole ya furta uzurorinsa da bakinsa: ai kowa na yi, ai in ban karɓa ba wani zai karɓa, ai don iyalina nake yi. Zai ji yadda suke da daɗin faɗa, zai kuma ga inda suke kai mutum, a wurin da babu jini na gaske kuma babu ofishin 'yan sanda. Ban ce wasa makaranta ba ce, kuma ba don wa'azi ake zama ba. Amma labarin da duk mutanensa tsarkaka ne bai yi kama da duniyar da muke ciki ba, kuma samari na ganewa da wuri in ana ba su labarin yara.

Mafi kyawun mugu da na taɓa gani a tebur, wata ɗaliba ce ta ɗauke shi. Labarin an ɗora shi ne a kan tsohuwar hanyar fatake daga Kano zuwa Salaga da ke arewacin Ghana, wadda kakannin da yawa daga cikinmu suka bi da jakuna, suna kawo kanwa da tufafi da fata, suna komawa da goro. Akwai madugu, akwai jagaba, akwai masu gadi. Ita ta ɗauki mai riƙe wa madugu lissafi. Mutum ne mai ladabi da taushin murya, wanda ke ƙara wani abu a kan kuɗin hanya da ake biyan sarakuna ya zuba a aljihu, yana ba ƙananan fatake bashi da sharaɗin da ya san ba za su iya cikawa ba don ya karɓe jakunansu, yana kuma sayar wa 'yan fashi labarin wasu ayarin. Mugu ne na sosai. Amma ba zai taɓa barin a taɓa ayarinsa ba, domin ya san babu mai ƙetare wannan daji shi kaɗai, kuma in madugu ya faɗi shi ma ya faɗi. Duk abin da yake yi, a fili take faɗinsa a gaban kowa. Mu na benci mun sani, mutanenmu na takarda ba su sani ba, kuma a nan daɗin yake, kana kallon mutuminka yana gode wa wanda ke cutarsa. Tun farko ta dubi wanda ke ɗauke da wani matashin mai gadi ta ce, "Ɗan'uwa, ina so wata rana mutuminka ne zai kama nawa." Ta yi watanni tana ajiye masa alamu a hanya. Ranar da asiri ya tonu a bakin kogi, shi ne ya yi fice, ita kuma ta fi kowa murna.

Abin da nake nufi da nauyi ke nan. Mai ɗauke da mugu dole ya fi kowa kyauta a benci. Shi zai riƙa buɗe wa wasu fili, ya karɓi faɗuwa in ta zo, ya san tun farko cewa mutuminsa da wuya ya gama lafiya. Wanda ke neman mugu don ya fi kowa ƙarfi, ko don kada a taɓa ce masa a'a, bai shirya ba.

A kan wannan hanya ta Salaga akwai wurin da nake ja layi, kuma ba na jin kunyar faɗa. Kasuwar ba goro kaɗai aka sayar a cikinta ba, an sayar da mutane. Ba na ɓoye wannan a labari, domin ɓoye shi ƙarya ce. Amma ba na yarda mutumin wani ɗan wasa ya sayi bawa ya sayar yana ƙirga riba ana dariya. Zango gida ne na kowa, kuma a benci ɗaya za ka iya samun jikan wanda ya saya da jikan wanda aka sayar, ko da su kansu ba sa maganar.

Duk wannan a zaman farko ake tsara shi, kafin a jefa dayis ko sau ɗaya, tun ran gini ran zane. Nakan tambayi mai neman mugu me ya ɗaure mutuminsa da sauran, kuma ba na karɓar "kuɗi" kawai, domin ranar da wani ya biya fiye zai juya. Ina so in ji bashi ne, ko jini, ko tsoro, ko wani abokin gaba da ya fi ƙarfinsa shi kaɗai. Nakan tambaye shi wa mutumin ke ƙauna, da abin da ba zai taɓa aikatawa ba ko da wuƙa a wuya. Wanda ya kasa amsa wannan bai ƙirƙiri mutum ba tukuna, ya dai zo da sha'awar ɓarna. Sai kuma doka ɗaya da ba ta da sassauci: hannun mutuminka ba ya shiga aljihun mutumin wani, takobinsa ba ya taɓa shi, sai mai shi ya yarda a fili, kuma shi zai faɗi iyakar abin. Babu 'yar takarda a ɓoye a kan ɗan'uwa.

Mu da muka san wasan taubasai bai kamata wannan ya zame mana baƙo ba. Taubashinka zai tsokane ka a gaban jama'a, ya ɗauke maka hula sai ka fanshe ta, ka yi dariya. Haka Bafulatani da Babarbare, haka muke ganin Frafra da Dagaaba suna yi a nan Ghana. Abin da ya sa ba a faɗa shi ne kowa ya san akwai wasa a tsakani, ɓangare biyu sun gada kuma sun yarda, kuma akwai inda ba a kaiwa. Wanda babu wasa tsakaninku in ya ɗauke maka hula, sunan abin daban ne. In tebur gaba ɗaya na marmarin cin amanar juna, akwai wasannin da aka gina don haka. Paranoia, wanda ya fito a 1984, yana ba kowane ɗan wasa kwafi shida na mutuminsa, don a kashe shi a yi dariya a ci gaba. A ware dare ɗaya a yi irinsa da mutanen da ba a saka rai a kansu ba. Kada a kawo shi cikin labarin da wani ya yi wata shida yana ginawa.

Masu tsara wasanni sun fito da dabaru na kare mutane daga abin da zai sosa musu rai. Ron Edwards ya bambanta abin da ba ya shiga labari sam da abin da zai iya faruwa amma a bayan labule, a ambata a wuce. Wannan ya yi mini daidai, kuma a teburina fyaɗe da cutar da yara na cikin kashin farko, azabtarwa na cikin na biyu. John Stavropoulos kuma ya kawo katin da ake zana wa alamar X a ajiye a tsakiya, duk wanda abu ya dame shi ya taɓa, a sauya zance ba tare da tambaya ba. Niyyar mai kyau ce, amma yaron da ya ce "ba komai, Yaya" ba zai miƙa hannu ya taɓa kati a gaban Yayan ba. Kunya ba za ta bar shi ba. A wurinmu mai jan wasa ne katin. Shi zai riƙa duba fuskoki, ya lura da wanda ya yi shiru, da wadda ta koma danna waya. Shi zai tsayar da abu da sunan kansa, ya ce "ni ne ban so mu bi nan ba", don kada idon kowa ya koma kan ƙarami. Kuma ya riƙa tambayar kowa shi kaɗai, ta WhatsApp ko a hanyar gida, domin a nan ake jin gaskiya.

Sai kuma duniyar labarin, wadda dole ta riƙa mayar da martani. In an kashe mai masauki, yana da 'yan'uwa. Gari zai rufe ƙofa, farashi zai tashi wa baƙi, mai maganin da za a nema gobe ƙanwarsa ce. Alhaki kwikwiyo ne, kuma aikin mai jan wasa ne ya sake shi ya bi mai shi. Wasu wasannin sun saka wannan cikin dokokinsu. A Vampire: The Masquerade na 1991, inda kowa ke ɗauke da mai shan jini, akwai ma'aunin mutuntaka daga 10 zuwa sifili. Mugun aiki na iya rage shi, kuma in ya ƙare mutumin ya fita daga hannun ɗan wasa. A Blades in the Dark na 2017 duka 'yan wasan gungun masu laifi ne, amma ayyukansu kan ƙara musu zafin idon hukuma. Waɗanda suka tsara waɗannan wasanni sun yarda a ɗauki mugu, ba su yarda a ɗauke shi kyauta ba.

Sai dai a nan masu jan wasa da yawa ke zamewa. Akwai bambanci tsakanin sakamako da ramuwa. Sakamako na fitowa daga cikin labarin, kowa ya ga hanyar da ya biyo, kuma yakan ƙara wa wasa daɗi har ga wanda ya faɗa wa. Ramuwa kuwa ita ce ran mai jan wasa ya ɓaci, sai ga tsawa daga sama, ko wasu dogarai da ba a iya kayarwa sun fito daga inda babu su. Kowa zai gane faɗa ne ake yi da dayis, kuma wanda aka yi wa zai dawo da wani mutumin da ya fi na farko muni. In matsalar ta na benci ce, a benci ake gyara ta. Ka same shi shi kaɗai bayan isha'i, ba a gaban yara ba, ka ba shi girmansa, ka ce, "Yaya, yaron nan ya daina jin daɗin zama, kuma saboda abin da ya faru ne." Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Sau da yawa nakan yi wa irin wannan mutum tayin ya dawo gefena ya riƙa ɗaukar miyagun labarin, sarkin 'yan fashi ko azzalumin hakimi. A nan zai yi muguntarsa son ransa, kuma aikinsa ya zama ba wa sauran abokin karawa. In ya ƙi wannan ma, ya nace sai dai ya ci gaba da cin 'yan'uwansa, to a sallame shi cikin mutunci. Na san yana da nauyi a unguwar da za ku haɗu a masallaci da wurin suna da jana'iza. Amma in ba a sallami ɗaya ba, huɗu ne za su sallami kansu ɗaya bayan ɗaya, ba tare da sun faɗi dalili ba.

Akwai wani malami da nake girmamawa da ya ce mini zuciya na ɗaukar launin abin da take yawan juyawa, kuma wanda ya saba furta mugunta da bakinsa, ko da wasa, yana rage wa kansa ƙyamarta. Ban ɗauki wannan magana da wasa ba, kuma ita ce hujja mafi ƙarfi da masu hani ke da ita. Saboda ita ne ba na barin yaran da ba su mallaki hankalinsu ba su ɗauki mugu. Su a ba su jarumai, lokacinsu na zuwa. Saboda ita ne kuma nake kallon abin da ke faranta wa ɗan wasa rai. In daɗinsa na cikin dabara da rikicin zuciyar mutuminsa da yadda labari ke ɗaurewa, babu damuwa. In kuwa na ga yana jan bayanin azaba, yana son a tsaya a kan kukan wanda ake cuta, yana waiwayen fuskokin mutane don ya ga sun ƙyamata, nakan tsayar a take, ba sai an kai ƙarshen zama ba. Inda na saɓa da Malam shi ne, labarin da ke nuna mugunta tare da abin da take jawowa yana ƙara ƙyamarta ne, kuma na ga hakan a fuskar samarin da suka yi shiru bayan mutuminsu ya ci amanar wanda ya yarda da shi.

Akwai lokacin da mugun takarda ke kaiwa inda babu sauran dalilin da zai sa ayari ya ci gaba da tafiya da shi. Ya ci amana a fili, ko ya zaɓi ɓangaren abokan gaba. Bai kamata a tilasta wa sauran su ƙirƙiro uzurin zama da shi ba don kawai mai shi abokinsu ne. Wannan ma tun zaman farko ake amincewa da shi: ranar da aka kai nan, ɗan wasa zai miƙa takardar ga mai jan wasa, mutumin ya koma cikin abokan gaban labarin, shi kuma ya ɗauki fensir ya rubuta sabo wanda zai iya tafiya da jama'a. Ɗalibar nan haka ta yi a bakin kogi. Mai lissafin madugu ya tsere da jakar kuɗi ya zama ƙaya a hanyar ayarin har Salaga, ita kuwa mako na gaba ta dawo da wata tsohuwa mai sayar da fura da ke neman ɗanta a cikin fataken.